Mai Riƙe Takalmin Ramlatu

Jiya da rana, bayan azahar, na kishingiɗa a ɗakin Umma don in ɗan rage nauyin tuwon Sallah, sai na yi wani mafarki. Mafarkin ko sallama bai yi mini ba, tsakiyar magana ya jefa ni.

"To, da me za ka biya?" in ji zabuwar.

"Nawa ne tikitin?"

"Mu nan ba ma karɓar kuɗi. Ihu ɗaya, kujera ɗaya."

Zabuwa ce sosai, irin wadda ake kiwo, tana zaune a bayan wata 'yar taga da tabarau a kan bakinta. A kantar da ke bayanta an jera kwalabe, kowace da ihun mutum ɗaya a ciki, an toshe bakin da totuwar masara. Wani ihun ja ne, wani kore, wani kuma ya kwanta a gindin kwalba kamar man gyaɗa. Ban yi mamaki ba. Abin da ya dame ni kawai shi ne hannuna na dama a cike yake, domin ina riƙe da takalmin Ramlatu.

Bari in tsaya nan in faɗi wani abu na ido biyu, don kada a rasa kan zancen.

A bayan garinmu akwai wani lambun wasa, a cikinsa akwai jirgin shillo guda ɗaya tak, irin mai bin dogon ƙarfe ya hau sama a hankali sannan ya zubo da mutane. Mai Gangara ake ce masa. Duk unguwarmu babu wanda ya san Mai Gangara kamar ni. Na karanta duk abin da hannuna ya kai gare shi a kan irinsa, na kalli na ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba a waya har caji ya ƙare. Ina da ra'ayi, kuma ba na ɓoye shi. Kujerar baya ta fi ta gaba, domin na gaba yana ganin abin da zai same shi, na baya kuwa sai dai ya ji an fizge shi kamar an tuna da shi. Daɗin ba a gangarowar yake ba, a hawan yake, lokacin da sarƙa ke jan jirgin tana ƙas, ƙas, ƙas, gari yana ƙanƙancewa a ƙarƙashinka. Wanda ya rufe ido bai hau ba, an dai kai shi an dawo da shi. Kada a sha fura kafin a hau. Abin da na fi yarda da shi kuma shi ne, a kan gangarar nan babu mai iya ƙarya. Da kunnena na ji wani babban mutum mai babbar riga yana kiran "Inna! Inna!" Na ji wata budurwa tana cewa, "Ni na fasa tangaran ɗin, wallahi ni ce!" alhali babu wanda ya tambaye ta.

Duk wannan na sani. Abu ɗaya ne kawai: ban taɓa hawa ba.

Ramlatu 'yar Kawu Sabi'u ce, yayan Umma. Taubashiyata ce ke nan. Ita 'yar namiji, ni ɗan mace, don haka tun muna yara "bawana" take ce mini, ni kuma in ce mata "uwar ɗakin wahala". Kowace Sallah idan an je lambu sai ta tuɓe takalminta don kada iska ta ɗauke, ta miƙo mini ta ce, "Riƙe, aikinka ne." Kowa ya yi dariya, ni ma in yi. Sai ta je ta hau ita kaɗai, ba ta yarda kowa ya zauna kusa da ita, wai ba ta son a matse ta. Sallah biyar ke nan ina tsaye a ƙasa ina yi wa masu wucewa bayani.

Matsalar wasan taubasai ita ce, duk abin da ka faɗa wasa ne. Bara na yi ƙarfin hali a gaban mutane na ce, "Ramlatu, kin san fa ina son ki." Ta ce, "Dole ka so ni mana, ina aka taɓa jin bawa ya ƙi uwar ɗakinsa?" Matan gidan suka yi ta tafa hannu. Na koma ɗaki na rubuta shafi goma sha ɗaya a littafina, duk da sunanta, ban nuna wa kowa ba. Ranar Asabar ɗin nan kuma za ta tafi Sakkwato karatun ungozoma, shekara uku. Zuwanmu lambu na jiya da la'asar shi ne na ƙarshe kafin tafiyar. Da wannan a raina na kwanta.

"Muna jira," in ji zabuwar. Ta cire totuwa daga wata kwalba, ta kara mini kwalbar a baki.

Na cika ƙirjina da iska, na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "A gaskiya, idan aka duba da kyau, ihu iri uku ne. Akwai na tsoro, akwai na..."

Ta janye kwalbar ta ɗaga ta a haske. Wani abu ne fari-fari a ciki kamar ruwan wankin shinkafa.

"Wannan bayani ne," ta ce. "Muna da shi har ya yi mana yawa, da shi muke wanke daɓe. Je ka wajen awo."

Sai ga ni a layi.

Layin da baya-baya yake tafiya. Wanda ya fi kusa da ƙofa shi ya fi daɗewa, saboda haka mutane suna ta roƙon juna, "Don Allah malam, wuce gabana." A sama garken mayafai da huluna ne ke shawagi, waɗanda iska ta ƙwace daga kan mahaya tun shekarun baya. Sun zama na daji, suna sheƙa a kan darbejiya. Wani mayafi ruwan hoda ya sauko ya shinshina takalmin da ke hannuna, ya tashi.

Mai awon kunkuru ne, da hular ma'aikata da usur a wuya. Sikelinsa irin na masu sayen hatsi ne.

"Hau."

Na hau. Allurar ta zagaya sau biyu, ta lanƙwashe, ta ce, "Wash."

"Kai, samari, me kake ɗauke da shi haka?"

"Tuwo ne, ranka ya daɗe. Malmala biyu."

"Ba tuwo muke aunawa ba. Maganar da mutum bai faɗa ba muke aunawa." Ya matso da idonsa kusa da allurar. "Buhu bakwai da tiya uku. Jirgi ba zai iya jan ka ba."

"To yaya zan yi?"

"Ka sauke."

"A ina ake saukewa?"

"A sama."

"Ai ka ce ba zan hau ba sai na sauke."

"Haka ne," ya ce, yana murna na gane. "Na gaba!"

A lokacin ne na ji ƙarar sarƙa, na ɗaga kai. Titin da jirgin ke bi ba ƙarfe ba ne, igiyar shanya ce. An ja ta daga soro zuwa soro, ta haye tankin ruwan gari, ta shige cikin gajimare ta fito ta ɗaya gefen tana ɗiga. Taragon kuma akwatunan ƙarfe ne irin na tafiya makarantar kwana, an buɗe murafensu, mutane biyu-biyu a ciki. A akwatin ƙarshe, kore mai jan fure, Ramlatu ce zaune ita kaɗai. Ta ɗaure mayafinta a haɓa yadda ta saba, ƙafarta babu takalmi. A gefenta akwai wurin mutum ɗaya.

Sai a lokacin na lura: kujerar baya take zama. Kullum kujerar baya take zama. Ashe tana jin abin da nake faɗa duk shekarun nan.

Jirgin ya zubo ta kanmu a hankali kamar zuma daga cokali. Ihun mutanen yana biye da su a baya da 'yar tazara, yakan tsaya ya huta sannan ya ci gaba.

"Bawana!" ta kira. "Takalmina na nan?"

Ina da magana buhu bakwai da tiya uku. Na ɗaga takalmin sama na ce, "Yana nan, uwar ɗakin wahala! Wa zai ɗauka? Ko ɓarawo ya gan shi sai ya ƙara miki da nasa!"

Ta yi dariya. Amma dariyar ba ta tafi da ita ba, nan ta faɗo gabana kamar ganye. Na tsuguna na ɗauka, na juya bayanta, na ga a jiƙe take.

Sai ga ni a gindin wata tsamiya, an shimfiɗa tabarmi.

Dattawa ne kusan ashirin, kowa da kayan wani a hannu. Wani jakar mata, wani laima, wani goran ruwa, wani kuma yana riƙe da alawar da ta tsufa har ta yi furfura. Suna ganina suka miƙe gaba ɗaya.

"Ga shi nan! Masani ya iso!"

Kafin in ce wani abu sun naɗa mini rawani na tikitin da ba a taɓa yagawa ba, sun zaunar da ni a kan kifaffen turmi. Wani ya yi shela cewa daga yau ni ne Sarkin Masu Riƙe Kaya. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Tun da nake ban taɓa samun masu sauraro irin waɗannan ba. Suka tambaye ni gaba ko baya, na ce baya, suka ce, "Gaskiya ne." Suka tambaye ni batun masu ɗaga hannu sama. Na ce iri biyu ne: akwai mai ɗagawa don a gan shi, akwai wanda hannun ne ya tashi da kansa, kuma ana gane na biyun domin ba ya kallon kowa. Suka tambaye ni a ina ran abin yake. Na ce a ƙoli. Akwai wata 'yar tsayawa da jirgi ke yi bayan sarƙa ta saki, kafin ya zubo. Numfashi biyu ce kacal, babu ƙara, hawa ya ƙare faɗuwa ba ta fara ba. Na ce duk wanda ya zauna kusa da kai a wannan numfashi biyun ya san ka fiye da wanda ya shekara goma yana gaishe ka. Wani tsoho ya share hawaye da jakar da ke hannunsa.

"Allah ya ja zamanin sarki," in ji wani daga baya, "yaushe sarki ya fara hawa?"

Majalisa ta yi tsit. Sannan duk suka fashe da dariya, har mai tambayar, domin ashe zolaya yake yi. A nan babu wanda ya taɓa hawa. Sharaɗin zama ke nan.

Kusa da ni akwai wani tsoho da bai yi dariya ba. Takalmin mata ne a hannunsa, fatar ta bushe ta tsattsage, gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin yatsunsa. A girarsa ta hagu akwai tabo irin nawa sak, wanda na samu ranar da Ramlatu ta jefe ni da murfin kwano muna 'yan shekara bakwai.

"Baba, tun yaushe kake nan?"

"Ɗazu ne. Ta ce in riƙe mata."

"Har yanzu ba ta sauko ba?"

"Ta sauko mana. Shekara arba'in ke nan."

"To me ya hana ta karɓa?"

"Haba, kai da ka san komai. Jirgin nan ba ya sauke mutum a inda ya ɗauke shi. Zagaye uku yake yi, a na ukun sai igiyar ta miƙe ta bar gari." Ya gyara riƙo. "An ce mini ta sayi wani takalmin a can. An ce ma ya fi wannan kyau."

"Ba ka taɓa gaya mata ba?"

"Na gaya mata. Kowa ya yi dariya. Har gobe idan an taru wajen suna ko biki ana tuna abin, ana cewa ina da ban dariya."

Ya matsa ya ba ni wuri a tabarmarsa. Wurin daidai ni ne, kamar tela ya auna.

Ƙas, ƙas, ƙas. Zagaye na biyu.

Wannan karon Ramlatu farar riga ce a jikinta irin ta ma'aikatan asibiti, da ƙaramin agogo a maƙale a ƙirji. Wurin da ke gefenta ya tsuke, bai fi faɗin tafin hannu ba. Ta leƙo, bakinta ya motsa, ban ji komai ba. Jirgin ya wuce, ya shige gajimare. Sai can daga baya maganar ta iso, tana haki, ta tsaya a gabana.

"Muttaƙa."

Shi ke nan abin da ta ce. Sunana ne. Tun da muka yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, har na manta yadda zai zauna a bakinta. Na ji shi kamar an zuba mini ruwan randa a bayan wuya.

"Ranka ya daɗe, a ci gaba," in ji dattawan. "An tsaya a batun fura."

Sai ga kunkurun nan yana tura baro. A cikin baron wani tulu ne da hula zanna a kansa, an fesa masa turare.

"Ina za ka kai shi?" na tambaya.

"Kujerar baya. Duk wurin da ya yi zagaye biyu babu kowa, doka ta ce a cike shi."

"Tulu ne fa!"

"Ɗan gidan mutunci ne."

"Bai san komai a kan jirgin shillo ba! Tambaye shi, gaba ko baya?"

Kunkurun ya kara kunne a bakin tulun, ya daɗe yana saurare. "Ya ce shi duk inda aka ajiye shi."

"Ka ji ko?"

"Na ji. Kai ka fi shi sani nesa ba kusa ba. Amma shi zai zauna." Ya ci gaba da tura baronsa.

Na warware rawanin, tikitin suka watse a kan tabarma. Na juya wajen tsohon nan na ce, "Baba, don Allah ɗan riƙe mini wannan."

Ya nuna mini hannuwansa. "Da wane?"

Sallah biyar ban taɓa ajiye takalmin nan a ƙasa ba. Ina ganin idan na ajiye, shi ke nan, babu sauran abin da ya haɗa ni da ita. Na sunkuya na ajiye. Hannuna ya yi sanyi, ya yi sakayau, kamar ba nawa ba.

Takalmin ya tsaya jim. Sannan na dama ya ɗaga, na hagu ya biyo, suka kama tafiya. Tafiyarta ce sak, har da ɗan jan ƙafar hagun nan da take yi idan ta gaji. Ba su bi layi ba. Suka nufi wani tsani na rake da aka jingina a jikin gajimare, na bi su.

"Tikiti!" in ji zabuwar daga taga.

"A sama zan biya!"

Kunkurun ya busa usur. "Nauyi!"

"A sama zan sauke, kai ka ce!"

Ya ajiye baron, ya ciro wani ɗan littafi daga cikin ƙoƙon bayansa, ya duba. "Haka ne, ni na ce," ya faɗa, ya sara mini. Tulun bai ce komai ba.

Sai ga ni a bakin akwati kore mai jan fure. Takalmin ya riga ni shiga, ya kwanta a ƙafarta. Wurin da ya rage ko kyanwa ba zai ɗauka ba. Na zauna, ya ɗauke ni.

"Ka zo," in ji Ramlatu.

"Takalminki ne ya zo, ni rakiya na yi. Kin san bawa ba ya..."

Ba ta yi dariya ba. Ta nuna mini wani allo da ke rataye a gabanmu, daidai tsayin darbejiya. An rubuta: DAGA NAN WASA YA ƘARE. Muna giftawa ta ƙarƙashinsa na ji aljihuna suna zuba. Barkwancina ne, duk wanda na tanada na shekaru, yana zubewa ƙasa kamar ƙwallon goruba. Na ji yana faɗawa kan rufin kwano ɗaya bayan ɗaya.

Ƙas, ƙas, ƙas.

Duk abin da na faɗa a kan hawan nan gaskiya ne, wallahi gaskiya ne, amma ban faɗi rabinsa ba. Ban san iska tana canza ƙamshi ba. Ban san ƙarar sarƙar a ƙashin baya ake jin ta ba, ba a kunne ba. Gari ya koma kamar faifan da aka baza hatsi a kai. Na hango gidan kakarmu, da yara biyu a tsakar gida, ɗaya ta ɗaga murfin kwano, ɗayan ya tsaya yana yi mata bayanin dalilin da ya sa ba za ta same shi ba. Na hango tsamiyar nan, da gurbina a kan tabarma, tsohon ya ɗago kai yana kallonmu ya kare ido da takalmi.

Littafina ya buɗe da kansa a cikin aljihun gaba. Shafuka goma sha ɗayan nan suka fita, suka yi sama, mayafan daji suka taso suka tare su suna shawagi tare. Ramlatu ta kama ɗaya, ta duba gaba da baya, ta sake shi.

"Fari ne fes," ta ce. "A nan ba a karanta su. Sai da baki."

Ta juyo ta kalle ni.

"Kana jin tsoro?"

"Eh." Ita ce gaskiya ta farko da na taɓa gaya mata ba tare da na naɗe ta cikin dariya ba.

"Tsoron faɗuwa?"

"A'a. Na san yadda aka ƙera shi, ba a faɗuwa. Tsoron abin da zan kira nake ji idan an zubo. Wani uwarsa yake kira. Ni na san abin da zan kira, kuma duk gari zai ji."

"To ni Sallah biyar ina tsare wurin nan, ina faɗa da masu lambu. Kana tsammanin don iska nake tsarewa?"

Har yanzu ban sani ba ko ita ce ta faɗi wannan ko mafarkin ne ya tausaya mini. Na dai ji ta, kuma da muryarta.

Ƙolin ya matso. Daga can igiyar ba ta sake lanƙwasowa cikin gari ba, ta miƙe sambal ta yi yamma, ba a ganin ƙarshenta. Zagaye na uku ke nan. Na riƙe bakin akwatin da hannu biyu. Na ji buhu bakwai da tiya uku sun taso daga cikina sun taru a ƙirji. Abin da nake jira kawai shi ne sarƙa ta saki, shirun nan ya zo, numfashi biyu. Na riga na shirya: na farko in ja, na biyu in faɗa.

Muka kai ƙoli. Sarƙar ba ta saki ba. Ƙas-ƙas-ƙas-ƙas, sai ma ƙara sauri take yi.

"Wannan ba daidai ba ne," na ce. "A ƙa'ida, a nan ya kamata sarƙar ta..."

"Muttaƙa," in ji Ramlatu, "don girman Allah ka bar bayani."

Na buɗe ido.

Keken ɗinkin Umma ne. Tana zaune bakin taga tana taka shi, tana kalmashe bakin wani zanen gado. A gefen ƙofa ga tsohon akwatinta na ƙarfe, kore mai jan fure, wanda ta ce za ta ba Ramlatu ta tafi da shi. An goge shi, an buɗe murfin yana shan iska.

"Ka tashi?" in ji Umma, ba ta ɗago kai ba. "Je ka yi la'asar, an kusa tafiya. Sai surutu kake cikin barci, wai kai ba ka yarda da tulu ba. Wane tulu?"

Na yi alwala, na yi sallah. Hannuna na dama har lokacin a dunƙule yake kamar yana riƙe da wani abu. Ina naɗe darduma na ji sallama a tsakar gida, da hayaniyar matan gidan Kawu, da tafiyar nan mai ɗan jan ƙafar hagu.

"Gwaggo, ina wuni? Ina bawan nan naki? Ya fito ya karɓi jaka tun daga nan, yau sabon takalmi na sa, ba na son a riƙe mini shi da hannun tuwo."

Na fito bakin ƙofa. Tana tsaye a rana, ta ɗaure mayafinta a haɓa, ta miƙo jakar ba tare da ta kalle ni ba, yadda ake miƙa wa ƙusa a bango. Na mayar da hannuwana baya.

"Yau ba zan riƙe ba."

"Iye!" in ji matar Kawu. "Jama'a ku zo ku gani, bawa ya yi tawaye!" Aka kwashe da dariya. Ramlatu ma ta fara, ta ɗago ido tana jiran in mayar mata da martani yadda muka saba.

Ban yi dariya ba. Ina jin barkwanci uku a kan harshena, kowanne zai fitar da ni lafiya, na haɗiye su. Dariyarta ta tsaya a rabi. Jakar tana nan a tsakaninmu, a sama.

A cikin ɗaki Umma ta ɗauke ƙafa daga kan keke. Ƙarar ta yanke. Gidan ya yi tsit.

Na ja numfashi na farko.

"Ramlatu, ki ba wani ya riƙe miki," na ce, yadda kowa zai ji. "Yau hawa zan yi. Kujerar baya, kusa da ke. Kuma abin da zan faɗa a sama, ba wasa ba ne."